Laƙabi a Gungun Kwamfutoci: Yadda Manhajar VMS Ta Sa Na'urori Suka Yi Magana da Baki Ɗaya

Gabatarwa

Wanda ya rubuta wasiƙa ya ce a kai wa Sarkin Kasuwa, ba lallai ne ya san sunan yankan mutumin ba. Ko wane ne ke riƙe da sarautar a bana, ko an naɗa wani baɗi, wasiƙa za ta isa hannun da ya dace, muddin dai ɗan aike ya san wanda laƙabin yake nufi a ranar. Matsala ba ta tasowa sai ran da aka yi sabon naɗi, labari ya kai ga wasu 'yan aike, bai kai ga wasu ba. A ranar nan wasiƙu za su rabu gida biyu, kuma kowane ɗan aike zai iya rantsewa cewa ya sauke nauyin da aka ɗora masa.

Irin wannan matsala ce ta daɗe tana ci wa masu kula da manyan kwamfutocin kamfanin Digital na ƙasar Amurka tuwo a ƙwarya. Wannan maƙala za ta dubi yadda babbar manhajar nan mai suna VMS take amfani da laƙubba, da dalilin da ya sa haɗa kwamfutoci wuri guda ya mai da laƙabi abin fargaba, da kuma dabarar da aka fito da ita a shekarar 1999 domin kowace na'ura ta fahimci suna ɗaya da ma'ana ɗaya.

Asalin VMS

An kafa kamfanin Digital Equipment Corporation, wanda aka fi sani da DEC, a shekarar 1957 a garin Maynard na jihar Massachusetts. Ken Olsen da Harlan Anderson ne suka kafa shi. A watan Oktoba na 1977 kamfanin ya bayyana wa duniya kwamfutarsa mai suna VAX-11/780, tare da babbar manhajar da za ta sarrafa ta, wato VMS, wadda ta fara isa hannun masu saye a 1978. Babbar manhaja ita ce uwar sauran manhajoji. Ita ce ke raba wa kowane aiki lokacinsa da wurinsa a ƙwaƙwalwar na'ura, ita ce kuma ke buɗe fayiloli da rufe su. Daga cikin waɗanda suka jagoranci tsara VMS akwai Dave Cutler, wanda ya koma kamfanin Microsoft a 1988 ya jagoranci aikin Windows NT. A farkon shekarun 1990 aka sauya wa manhajar suna zuwa OpenVMS. Bankuna da asibitoci da masana'antu da jami'o'i sun rungume ta, saboda ta yi suna wajen jure aiki ba tare da tsayawa ba.

Mene ne Laƙabi?

A tsarin VMS kowane fayil yana da cikakken adireshi: sunan faifan da yake ajiye a kai, da sunan jakar da ke cikin faifan, sannan sunan fayil ɗin kansa. Alal misali, bayanan albashin ma'aikata suna iya zama a DUA1:[KUDI.ALBASHI]. DUA1 shi ne faifan, abin da ke cikin baka kuwa shi ne jakar. Da a ce mai rubuta manhajar biyan albashi zai dasa wannan adireshi a cikin manhajarsa, to duk ranar da faifan ya cika ko ya lalace aka mai da bayanan wani wuri, sai an sake buɗe manhajar an gyara ta. Idan manhajoji hamsin ne ke amfani da bayanan, gyara hamsin ke nan.

Domin kauce wa wannan wahala aka ƙirƙiro laƙabi. Mai kula da na'ura zai ba da umarni kamar haka:

DEFINE ALBASHI DUA1:[KUDI.ALBASHI]

Daga nan manhaja ba ta bukatar sanin komai sai kalmar ALBASHI. Duk lokacin da ta ambaci kalmar, babbar manhaja za ta duba ta fassara ta zuwa adireshin gaskiya. Ran da bayanai suka ƙaura, layi ɗaya kawai za a sauya. Laƙabi yana iya kai haruffa 255. Yana iya nuni ga wani laƙabin, shi ma ya yi nuni ga wani, har hawa 10. Haka kuma laƙabi ɗaya yana iya ɗaukar ma'anoni da yawa a jere, har 128, ta yadda idan ba a sami abin da ake nema a wuri na farko ba, sai a duba na biyu, da haka har ƙarshen jerin. Ita kanta VMS a kan laƙubba take tafiya: SYS$LOGIN na nufin jakar da mutum yake sauka idan ya shiga na'ura, SYS$OUTPUT na nufin inda za a nuna sakamakon aiki, SYS$SYSTEM kuwa na nufin ma'ajiyar manyan manhajojin tsarin.

Jadawalai Huɗu

Ba a zuba laƙubba wuri ɗaya kara zube. Ana rubuta su ne a cikin jadawalai, kuma tun daga fitowa ta 4.0 ta VMS a shekarar 1984, manyan jadawalan guda huɗu ne. Na farko na aiki guda ne, babu mai ganinsa sai aikin da ya mallake shi. Na biyu na zama guda ne, wato mutumin da ya shiga na'ura da dukkan ƙananan ayyukan da ya tayar. Na uku na rukuni ne, kamar ma'aikatan sashe ɗaya. Na huɗu shi ne na kwamfuta baki ɗaya, mai suna LNM$SYSTEM_TABLE, wanda kowa yake gani.

Idan ana neman ma'anar laƙabi, ana farawa ne daga na kusa a tafi na nesa: aiki, zama, rukuni, sannan na'ura baki ɗaya. Inda aka fara cin karo da sunan, nan ake tsayawa. Wannan ya yi daidai da yadda mutane suke magana. Idan aka ce “Liman” a cikin unguwa, limamin unguwar ake nufi, sai idan unguwar ba ta da nata ne hankali zai tafi ga limamin gari. Amfanin wannan tsari a fili yake. Mai gwada sabuwar manhaja yana iya kafa ALBASHI a jadawalin kansa ya nuna wa bayanan gwaji, alhali sauran jama'a suna ci gaba da aiki da na gaskiya, babu wanda ya shiga gonar wani.

Abu guda da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne, waɗannan jadawalai ba a faifai suke ba. Suna zaune ne a ƙwaƙwalwar wucin gadi ta na'ura, wadda take shafewa da zarar an kashe wuta. Saboda haka duk lokacin da kwamfuta ta tashi, sai ta bi wasu fayilolin umarni ta sake kafa laƙubbanta tun daga farko.

Zuwan Gungu

A shekarar 1983 kamfanin DEC ya gabatar da abin da ya kira VAXcluster, wato gungun kwamfutoci da aka haɗa su da wayoyi masu sauri, suna tarayya a kan faifai ɗaya, suna aiki tamkar na'ura guda. A farko kwamfutoci 16 ne iyakar abin da mahaɗar take ɗauka, daga baya adadin da kamfanin ya amince da shi ya kai 96. Abubuwa biyu ne ginshiƙan gungu. Na farko shi ne mai rabon makulli, wanda yake hana kwamfutoci biyu rubutu a wuri ɗaya a lokaci ɗaya. Na biyu shi ne ƙa'idar rinjaye. Kowace kwamfuta tana da ƙuri'a, kuma gungu ba ya aiki sai masu rinjayen ƙuri'u suna jin juna. A gungu mai ƙuri'a 3, sai 2 sun haɗu. Idan waya ta katse gungu ya rabu, ɓangaren da ba shi da rinjaye sai ya dakata cak, don kada kowane ɓangare ya yi gaban kansa a ɓata bayanai.

Duniya ta ga amfanin wannan tsari a ranar Lahadi, 5 ga watan Mayu na 1996, lokacin da gobara ta cinye babban ɓangare na hedikwatar bankin Crédit Lyonnais a birnin Paris na ƙasar Faransa. Gungun VMS na bankin ya kasu ne tsakanin gine-gine biyu, kowanne da kwafin bayanai, don haka bayanan suka tsira.

Inda Gizo Ke Saƙar

Sai dai fa gungu ya haɗa faifai, bai haɗa ƙwaƙwalwa ba. Kowace kwamfuta tana riƙe da nata LNM$SYSTEM_TABLE, kuma babu abin da ya tilasta wa jadawalan su yi daidai da juna.

A ɗauka cewa wata ma'aikata tana da gungu mai kwamfutoci uku: GABAS da YAMMA da KUDU. Faifan albashi ya kusa cika, sai mai kula da tsarin ya kwafe bayanan zuwa sabon faifai, ya bar tsohon a wurinsa saboda tsaro, ya sauya ma'anar ALBASHI. A wancan zamani hanyar yin haka ita ce ta wata manhaja mai suna SYSMAN, wadda take aika umarni ɗaya ga dukkan kwamfutocin da ke raye a gungu. To amma a ranar KUDU tana kashe ana yi mata gyara. Da ta tashi, sai ta karanta fayil ɗin umarninta, wanda aka manta ba a gyara ba, ta kafa ALBASHI da tsohuwar ma'ana. Daga wannan lokaci, akawun da ya faɗa kan GABAS yana rubutu a sabon faifai, wanda ya faɗa kan KUDU yana rubutu a tsoho. Babu ƙararrawar da za ta kaɗa, domin a wurin kowace na'ura komai lafiya lau yake. Mai rabon makulli ma ba shi da ta cewa, tunda fayiloli biyu ne daban. Sai ƙarshen wata, da aka zo biyan albashi, za a tarar lissafi ya rabu gida biyu, a shiga aikin tantance wane layi ne na gaskiya.

Ke nan haɗarin ba na mutuwar na'ura ba ne. Na'urar da ta mutu kowa ya san ta mutu. Wadda take raye tana aiki da tsohon labari ita ce abin tsoro. Kimanin shekara 15 masu kula da gungu suka yi suna maganin wannan da taka-tsantsan kawai: su tara laƙubba a fayil ɗin umarni guda wanda kowace kwamfuta za ta karanta, su kuma tuna su sauya ma'ana a wuri biyu, wato a ƙwaƙwalwar na'urori da kuma cikin fayil.

Sabon Tsari na 1999

Kamfanin Compaq ya sayi DEC a 1998, kuma a ƙarƙashinsa ne fitowa ta 7.2 ta OpenVMS ta bayyana a 1999, ɗauke da laƙubban gungu baki ɗaya. An ƙara jadawalai biyu. Na farko shi ne LNM$CLUSTER_TABLE, wanda shi ne uban duk wani jadawali na gungu. Na biyu shi ne LNM$SYSCLUSTER_TABLE, ɗa ne ga na farko, kuma shi ne takwaran jadawalin na'ura baki ɗaya, sai dai shi kowace kwamfuta a gungu tana ganinsa. Wanda ya rubuta:

DEFINE/TABLE=LNM$SYSCLUSTER ALBASHI $1$DUA7:[KUDI.ALBASHI]

ya kafa laƙabin ke nan a GABAS da YAMMA da KUDU gaba ɗaya, ko daga wacce ya ba da umarnin. Alamar $1$ da ke gaban sunan faifan ita ce ke tabbatar da cewa dukkan kwamfutocin faifai ɗaya suke nufi.

Hikimar da aka yi ita ce ba a taɓa tsofaffin manhajoji ba. Sunan LNM$SYSTEM, wanda manhajoji suka saba nema, shi kansa laƙabi ne, sai aka mai da shi jeri mai ma'ana biyu: jadawalin na'ura tukuna, sannan na gungu. Saboda haka manhajar da aka rubuta shekara goma kafin wannan sauyi tana samun laƙabin gungu ba tare da an sauya mata ko harafi ɗaya ba. Ƙa'idar nan ta na kusa kafin na nesa ta ci gaba da aiki, hawa ɗaya kawai aka ƙara a sama.

Yadda Ake Kafa Sabon Jadawali

Ba kowane laƙabi ne ya dace a zuba shi a dandalin da kowa yake gani ba. Sashen kuɗi yana iya son jadawalin kansa, wanda shi kaɗai zai iya rubutu a ciki. Abin da ke mai da jadawali na gungu shi ne nasabarsa. Kowane jadawali yana da uba, kuma duk wanda nasabarsa ta kai ga LNM$CLUSTER_TABLE, to na gungu ne. Umarnin shi ne:

CREATE/NAME_TABLE/PARENT_TABLE=LNM$CLUSTER_TABLE JADAWALIN_KUDI

Wanda ya manta bai ambaci uba ba, zai sami jadawali na aikinsa shi kaɗai, wanda zai ɓace da zarar ya fita daga na'ura. Sunan jadawali ba ya wuce haruffa 31. Ba kowa ne ke da ikon kafa shi ba: sai mai izinin ƙirƙira a ƙarƙashin uban, wanda kuma yake da izinin SYSPRV ko ikon rubutu a babbar rajistar jadawalai, wato LNM$SYSTEM_DIRECTORY, inda ake shigar da sunan sabon jadawalin. Ana iya gindaya masa iyakar girma, a kuma fayyace wanda zai karanta da wanda zai rubuta. Idan aka share uba, 'ya'yansa da duk laƙubban da ke cikinsu suna tafiya tare da shi.

Wani abin lura shi ne, sabon jadawali ba ya shiga jerin bincike da kansa. Jerin da ake bi wajen buɗe fayil yana ƙarƙashin wani laƙabi mai suna LNM$FILE_DEV. Idan ba a saka sabon jadawalin a wannan jeri ba, ko kuma manhaja ta ambace shi da sunansa, to laƙubban da ke ciki suna nan, amma babu mai tuntuɓarsu.

Abin da Ke Gudana a Bayan Fage

Da an so, da an ajiye jadawalin a kwamfuta ɗaya, sauran su riƙa tambayarta. Amma hakan zai sa kowace fassara ta bi waya, ga shi kuwa kusan duk buɗe fayil sai an yi fassara. Bugu da ƙari, ran da wannan kwamfuta ta faɗi, kowa ya faɗi. Don haka aka zaɓi kowace kwamfuta ta riƙe cikakken kwafi a ƙwaƙwalwarta. Karatu a gida ake yinsa, ba ya cin lokaci. Rubutu ne mai tsada, domin sai an kai labari ga kowa. Mai kai wannan labari wani aiki ne da ke zaune a kowace kwamfuta mai suna CLUSTER_SERVER. Idan kuma kwamfuta ta tashi ta shiga gungu, sai ta karɓi kwafin jadawalan daga 'yar'uwarta da ke raye. Da wannan aka toshe ramin da KUDU ta faɗa a misalin baya.

Duk da haka, tsakanin fitar labari da isarsa akwai ɗan lokaci, komai ƙanƙantarsa. A cikin wannan taƙi, wata kwamfuta tana iya ba da tsohuwar ma'ana. Masu tsara VMS ba su ɓoye wannan ba, sai suka bar wa mai manhaja zaɓi. Fassara ta yau da kullum ba ta jiran kowa. Wanda aikinsa ba zai lamunci tsohon labari ba, sai ya nemi fassara da sharaɗin INTERLOCKED, wadda take dakatawa har duk wani sauyi da ke kan hanya ya kammala. Mai son sauri ya samu, mai son tabbas ya biya da jira.

Ƙa'idoji Huɗu na Masu Kula da Gungu

Ta farko ta shafi lokaci. Fayil ɗin SYLOGICALS.COM, inda aka saba kafa laƙubba, yana gudana ne da wuri, kafin kwamfuta ta karɓi kwafin gungu. Wurin da ya dace da laƙubban gungu shi ne SYSTARTUP_VMS.COM, wanda ba ya farawa sai kwafin ya iso. Mai shakka yana iya tambayar na'ura da F$GETSYI("CWLOGICALS"), ta gaya masa ko jadawalan sun shirya.

Ta biyu ita ce a duba kafin a kafa. Tunda jadawalan a ƙwaƙwalwa suke, idan aka kashe dukkan kwamfutocin gungu lokaci ɗaya sun shafe ke nan, don haka dole fayil ɗin tashi ya ƙunshi umarnin kafa su. Amma idan kowace kwamfuta mai tashi za ta kafa laƙabi ido rufe, to tana iya goge sabuwar ma'anar da mai kula ya sa jiya, ta dawo da tsohuwa, wannan karon ma a kan kowa da kowa. Maganin shi ne a fara tambaya da F$TRNLNM, idan babu laƙabin ne kawai za a kafa shi.

Ta uku ita ce a kula da inuwa. Tunda na gida yana gaban na gungu, tsohon ALBASHI da aka bari a jadawalin YAMMA zai rufe sabon na gungu, a koma gidan jiya. Umarnin SHOW LOGICAL yana nuna jadawalin da kowace ma'ana ta fito, kuma da shi ake gano irin wannan ɓoyayyen saura.

Ta huɗu ita ce a san abin da ba na tarayya ba ne. Laƙabi irin SYS$NODE, mai nuna sunan ita kwamfutar, ko SYS$SPECIFIC, mai nuna jakarta ta kanta, dole ma'anarsa ta bambanta daga na'ura zuwa na'ura. Haka kuma laƙabin da ake sauyawa dare da rana bai dace da gungu ba, domin kowane sauyi aike ne zuwa ga kowa.

Kammalawa

Kamfanin Compaq ya narke cikin Hewlett-Packard a 2002. A 2014 kamfanin VMS Software ya karɓi ragamar ci gaban manhajar, kuma a 2022 ya fitar da OpenVMS 9.2 domin kwamfutoci masu ƙirar x86-64, irin waɗanda suka cika kasuwa. Jadawalan laƙubba na gungu sun bi manhajar a duk wannan ƙaura, da umarninsu da sunayensu.

Tambayar da suka amsa kuwa ta bi sauran tsare-tsare. Manyan rumbunan kwamfutoci masu ɗauke da ayyukan intanet suna dogara da manhajoji irin su ZooKeeper da etcd domin dubban na'urori su yarda a kan abin da suna yake nufi. Su ma da rinjayen ƙuri'u suke aiki. A ZooKeeper ma, mai karatu yana iya samun labarin da ya ɗan kwana biyu, sai idan ya nemi a daidaita masa tukuna, kamar dai zaɓin da VMS ta bai wa masu manhaja a 1999. Ɗalibin ilimin kwamfuta da ya fahimci dalilin da ya sa KUDU ta rubuta albashi a tsohon faifai, da matakan da aka ɗauka don hana ta sake yin haka, ya riƙe bakin zaren darasin da zai tarar a duk inda na'urori biyu ko fiye suke tarayya a kan aiki ɗaya.